Agogon da Yake Haki

Shekararta hamsin da tara, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu duk sun yi aure, kuma shekara talatin da shida ke nan tana cin abinci da kunnenta. A wurin aiki ba mai kiran ta da sunan yanka. Mai Reza ake ce mata, tun zamanin da take yankan tef a gidan rediyo, lokacin da in mai karanta labarai ya yi tari a tsakiyar magana sai an kwantar da tef ɗin a kan ɗan ƙarfe, a sa reza a yanke tarin, a liƙe bakin biyu. Reza ta daɗe da barin hannunta. Sunan ne ya ƙi barin ta.

Yanzu a wani ƙaramin kamfani take, a hawa na biyu, sama da shagon masu sayar da fenti. Su bakwai ne ma'aikatan. Abin da suke ƙerawa kuwa, duk ranar da ta fara yi wa ƙanwarta bayani sai ƙanwar ta ɗaga hannu ta ce, "Yaya, ni dai ki ce min aikin halal ne, ya ishe ni."

Mawaƙa suke tarawa, mutum ashirin da huɗu, maza sha biyu mata sha biyu, su kai su wani babban zaure, su kakkafa makirufo. Ba waƙa ake sa su yi ba. Cewa ake su ja "aaa" da murya ɗaya, su riƙe har numfashi ya ƙare. Sai a ɗaga murya taki ɗaya, su sake. Haka za a yi ta hawa, tun daga can ƙasa inda muryar namiji ke girgiza ƙirji har can sama inda ta mace ke komawa kamar zare. In an gama da "aaa" a koma "ooo", a koma "uuu", a yi a hankali, a yi da ƙarfi. Kwana huɗu ana abu ɗaya. Daga nan sai a yayyanka abin da aka ɗauka gunduwa-gunduwa, a ɗora kowace gunduwa a kan madanni ɗaya na fiyanon kwamfuta. Mai haɗa kiɗan fim da ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa a wata uwa duniya, in ya sayi kayan nan ya danna madanni, sai mutum ashirin da huɗu su buɗe baki su amsa masa.

To amma ɗan Adam ba sarewa ba ne. In ya buɗe baki leɓe yana ƙara. Cikin wanda bai karya ba yana ƙugi. Wani ya haɗiye miyau, wata ta gyara tsayuwa takalminta ya yi ƙara, babbar mota ta wuce a titi, ƙuda ya ga dama ya ratsa ta gaban makirufo. Shi kuwa makirufo ba shi da kawaici, duk abin da ya ji sai ya faɗa. Aikin Mai Reza shi ne ta bi gunduwa dubu uku da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya, ta tsince musu waɗannan ƙananan ƙararraki kamar mai tsintar tsakuwa a cikin hatsi, ba tare da ta taɓa muryar kanta ba.

Ɗakinta ba shi da taga. An liƙa wa bangon soso, akwai tebur, kujera marar ƙara da ta zaɓa da kanta, da ɗan faranti inda take zuba 'yan kunne da awarwaro kafin ta kifa abin sauraro a kai. Ba ta taɓa zuwa zauren ɗaukar murya ba, ba ta san fuskar ko mutum ɗaya cikin mawaƙan ba, amma ta san su sanin da ko maƙwabtansu ba su yi musu ba. Akwai wadda take kira Mai Sabon Takalmi. Akwai Mai Mura. Akwai wani da kullum yake ajiyar zuciya kafin a fara, kamar wanda aka kira shi shaida a kotu.

Tana da wata ɗabi'a da ta zama abin tsokana a ofis. Ba ta zubar da abin da ta yanke. Dattijon da ya koya mata aiki a gidan rediyo ya ce mata tun ranar farko, "Abin da kika yanke ba naki ba ne, na mai shi ne. Ajiye masa, wata rana zai zo nema." Shi ya sa a da take zuba guntayen tef a ambulan, ta rubuta rana da minti a baya. Da aka koma kwamfuta ma ba ta fasa ba. Ta buɗe wata ma'ajiya ta sa mata suna Ambulan, duk tarin da ta cire, duk ƙarar leɓe, sai ta jefa shi ciki da lambar rana da minti da daƙiƙar da aka ɗauke shi.

Injiniyan kamfanin, mutum mai shekara arba'in da ba ya rabo da barkwanci, yakan leƙo ya ce, "Goggo, har yanzu ana yi wa shara rajista?"

Ta ce, "Ana yi. Har da tarinka na bara yana nan, in kana so."

Akwai abin da ba wanda ya sani, ko ƙanwar da suke kwana gida ɗaya. Wata shida kafin wannan labari ta je asibiti a ɓoye aka gwada mata kunne. Likita ya nuna mata takarda, layin dama yana tafe sambal, na hagu ya yi tafiya kaɗan ya gangara. Ya ce siraran sauti sun fara kuɓuce wa kunnen hagu, shekaru ne, ba laifin kowa ba. Ta ninke takardar huɗu, ta tura ta ƙasan jaka, ta koma bakin aiki kamar ba a yi ba.

Sati uku da fitar sabon kayan, saƙo ya fara shigowa daga masu saye. Na farko ya rubuta cewa in ya danna madannan ƙasa, wajen muryar maza, ya riƙe, yana jin wani abu yana ƙyas, ƙyas, ƙyas. Na biyu ya tambaya ko an manta da agogo a ɗakin ne. Kafin sati ya zagayo sun kai goma sha huɗu.

Dalilin da ya sa ƙaramin abu ya zama babba shi ne yadda ake ɗinka gunduwoyin. Mawaƙi numfashinsa yana ƙarewa, amma mai danna madanni yana iya riƙewa minti guda. Don haka sai a zaɓi ɗan yanki a tsakiyar gunduwar, a haɗa bakinsa da wutsiyarsa, ya yi ta zagayawa har a saki madanni. In ƙyas ɗaya tak ta maƙale a cikin yankin nan, to duk zagaye sai ta dawo. In mutum ya danna madanni biyar a tare, ƙyas biyar ke nan suna rige-rige.

Manaja ya tara su a ofishinsa ranar Litinin da safe, ya kunna lasifika, ya danna madanni ya riƙe. Muryar maza ta cika ɗakin, mai kauri, mai ɗumi. Kowa ya gyaɗa kai lokaci ɗaya, alamar sun ji. Mai Reza ba ta ji komai ba. Sai da ta ɗan karkata kai ta miƙa kunnen dama sannan abin ya iso mata, siriri kamar an taɓa gilashi da farce. Da ta ɗago sai ta ga idon Manaja a kanta. Ya ga karkatawar.

Ya ce, "Goggo, shekara tara muna tare, ba a taɓa dawo mana da kaya ba."

Ta ce, "Ba a taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Na yi wa mutanen nan alkawarin gyara nan da kwana goma. Injiniya ya ce akwai manhajar da ke tsince irin wannan da kanta. Ke ki bi ta hanyarki, shi ya bi ta tasa. In manhajar ta yi abin da ake so," ya juya biro a hannu, "sai mu zauna mu yi maganar hutu."

Ba ta tambaye shi wane irin hutu ba. Ta san ba irin wanda ake dawowa ba ne.

Injiniya bai yi murna ba, amma aiki aiki ne. Cikin awa biyu manhajarsa ta wanke gunduwoyin maza kaf. Ƙyas ta ɓace, amma da aka saurara sai ka ce an zura kan mawaƙan a bokiti suna waƙa daga ciki. Ya zo ƙofarta yana sosa ƙeya ya ce, "Ta cinye naman har da ƙashi, Goggo. Amma ba zan ɓoye miki ba, in na sami kwana biyar ina lallaɓa ta, za ta iya yin abin da Manaja zai karɓa."

Ta ce, "Na gode da ka faɗa. Ja min ƙofar."

Kwana uku ta yi tana sake bin muryar maza, ta juya abin sauraron, ta mai da ɓangaren hagu zuwa kunnen dama, ta sake bi. Ƙyas tara ta samu. Ta san sun fi haka, don ko a saƙonnin masu saye an lissafa madannai sha bakwai. Da yamma ƙanwarta ta zuba mata abinci, ta ga tana juya cokali ba ta ci, ta ce, "Yaya, wa ya mutu?" Ta ce, "Ba kowa." Ƙanwar ta ce, "To ki ci, tun kafin a samu."

Rana ta huɗu da safe, da ta ga kunne ya yi iya yinsa, sai ta buɗe Ambulan. Ba wata dabara ce ta kai ta ba, so take ta ga irin abin da ta riga ta cire daga wajen maza, ko za ta gane abin da ya kuɓuce mata. Ta tarar da guntaye sama da ɗari huɗu da ta rubuta wa "leɓe". Ta jera goma a allo tana kallon zanensu. Sai ta daina motsi. Leɓen mutum ba ya maimaita kansa, yau ya yi tsawo gobe ya yi gajere, na wannan daban na wancan daban. Waɗannan kuwa kamar an buga su da hatimi ɗaya.

Tun da kowane guntu yana ɗauke da minti da daƙiƙarsa, sai ta buɗe layin sauti a kwamfuta wanda ba komai a kansa, ta shiga mai da su ɗaya-ɗaya, kowanne a daidai gurbin lokacin da ya faru a zaure. Aikin ya kai ta har azahar. Ba murya a layin, ba numfashi, sai sharar da ta tara. Ta danna.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Sai giɓi. Ƙyas. Ƙyas.

Ta tashi ta leƙa ta kira Injiniya, ta miƙa masa abin sauraro. Ya ji na ɗan lokaci ya ce, "Shi ke nan, agogo ne. Masu saye sun yi gaskiya."

"Wa ya riƙe tiren da aka zuba agogo da waya da makulli a ƙofar zaure?"

"Ni ne."

"Ka bar wani ya shiga da nasa?"

"Haba Goggo, har hannun riga na sa suka naɗe."

"Na bango fa?"

"Da hannuna na sauke shi na kai mota."

Ta ce, "To zauna ka ƙirga." Ta ba shi biro. A farkon kowace doguwar murya, abin yana bugawa kusan sau saba'in a minti. Yayin da mawaƙa suka riƙe, numfashi ya fara ƙarewa, sai ya hau tamanin, ya hau casa'in. Bayan hutun shan shayi ya sauko sittin da shida. A rana ta uku da la'asar, lokacin da aka sa maza hawa muryar da ta fi ƙarfinsu, ya haura ɗari.

Injiniya ya ajiye biron. Ta ce masa a hankali, "Ka taɓa ganin agogon da yake haki?"

Ya dubi hannunsa, tsikar jikinsa ta tashi, ya nuna mata. Suka zauna su biyu a ɗakin da ba taga suna sauraron abin da ba wanda ya yi niyyar ɗauka, yana tafiya, yana sauri, yana lafawa, kwana huɗu cur a ƙarƙashin muryar mutum sha biyu.

Gano mai shi bai yi wuya ba. Ƙarar ta fi fitowa a makirufo na uku na layin baya. Mai Reza ta kira malamar da ke koyar da mawaƙan ta tambaye ta wa ke tsayawa a nan. Malamar ta ce, "Direba ke nan. Shekara sha tara yana tare da mu, duk muryar ƙasa a kansa take zaune. Lafiya? Me ya yi?" Mai Reza ta ce, "Bai yi komai ba. Kwatanta min gidansa."

Washegari da la'asar ta je. Gidan yana bayan wani garejin gyaran mota, ƙofar ƙarfe shuɗiya, tukwanen fulawa uku a bakin rariya. Matarsa ce ta buɗe, mace mai fara'a da saurin baki, ta kai ta falo. Mijin direban bas ne da ya yi ritaya, dogo, mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemunsa. Da ya yi mata sannu da zuwa sai ta ji muryar a ƙirjinta kafin kunnenta, ta gane shi nan take. Shi ne mai ajiyar zuciya kamar an kira shi kotu.

Bayan gaisuwa ta faɗa musu inda take aiki. Fuskarsa ta ɗan canja. Ta ce, "Malam, alfarma ɗaya nake nema. A kashe fankar nan, a kashe rediyo, mu yi shiru minti ɗaya."

Matar ta dubi mijin, mijin ya dubi ƙasa. Ta tashi ta kashe. Fanka ta yi ta juyi tana rage gudu har ta tsaya. Masu gareji ma kamar sun sani, guduma ta yi shiru. Mai Reza ta karkata kai ta miƙa kunnen dama. Daga cikin ƙirjin mutumin da ke zaune taku uku daga gare ta, ta ƙarƙashin riga da singileti, abin ya fito, ba na'ura, ba waya.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas.

Shekara talatin da shida tana jin mutane ta cikin waya da tef. Ba ta taɓa zama a gaban mutum tana jin ransa yana tafiya ba. Ta ce, "Ikon Allah," ta sake cewa, "Ikon Allah."

Direba ya yi ajiyar zuciyar nan tasa ya ce, "An kama ni ke nan."

Ya ba ta labari ba tare da ado ba. Shekara sha ɗaya da suka wuce aka yi masa tiyata a zuciya, aka cire bawul ɗin da ya lalace aka sa na ƙarfe. Duk bugu ɗaya sai ya buɗe ya rufe, rufewar ce take ƙyas. "Irin na taya ne, Hajiya, sai dai wannan in ya yi faci ba a samun bakanike a hanya."

Matar ta ce, "Ni kam ya yi min rana. Shekara sha ɗaya bai iya yi min ƙarya ba. Ina tambayar sa ina ka tsaya, sai in ji agogo ya kama gudu."

"Ke dai ba ki da sirri."

"Wane sirri, kai da ake jin ka daga ɗaki?"

Suka yi dariya, amma tasa ba ta daɗe ba. Ya ce a wajen gwajin waƙa ba mai ji, don akwai hayaniya. Da aka ce za a shiga zaure mai makirufo sai hankalinsa ya tashi. Kwana huɗun nan singileti biyu ya sa, da rigar sanyi, da riga a sama, yana ta zuba gumi, malama har tana tambayar sa ko zazzaɓi yake. "Bayan tiyata aka karɓe min mota, aka ce kada in ƙara ɗaukar fasinja. Ban yi musu ba, gaskiyarsu ce. Waƙar nan ita ta rage min. Na ce in na faɗa, ita ma za a ce in zauna a gida."

Mai Reza ta jawo jakarta, ta tona har ƙasa, ta fito da takardar da aka ninke huɗu, ta warware ta a kan tebur. Ta ce, "Ga tawa rigar sanyin. Wata shida ina sanye da ita." Ta nuna musu layin da ya gangara. Su ne mutanen farko da suka gani.

Ranar Asabar da sassafe ta riga kowa zuwa ofis, ta jira Injiniya. Abin da ta gane a hanyar dawowa mai sauƙi ne. Zuciya ba ta tsallake bugu don ta ga makirufo. Duk inda aka sami giɓi a layin da ta jera, to ƙyas ɗin wurin ba ɓacewa ta yi ba, tana nan cikin muryar, ita ce ba ta cire ba. Ba sai ta yi ta lalube cikin gunduwa ɗari-ɗari ba. Giɓin da kansa zai nuna mata inda za ta sa kunne.

Injiniya ya buga tebur ya ce, "Wallahi sharar nan ta yi rana!" Ya ajiye manhajarsa gefe, ya zauna ya rubuta ɗan abin da zai auna tazarar bugu ya sa jan layi a duk inda ya kamata a ce akwai ƙyas amma babu a Ambulan. Ita kuma ta bi jan layin ɗaya-ɗaya, ta buɗe wurin, ta sa kunnen dama, ta yanke da hannu, siriri, ba ta taɓa muryar ba. Wasu suna ɓoye ƙarƙashin muryar mutum sha biyu, in ba an nuna maka wurin ba ko mai kunnen jemage ba zai ji ba. Ɗari da sha bakwai ta ciro. Ranar Talata da azahar aka danna madannan ƙasa aka riƙe minti guda, ba abin da ya fito sai murya.

Ta shiga ofishin Manaja da takarda biyu, jerin gyaran da aka yi da ta asibiti. Ya karanta ta farko ya yi murmushi. Ya karanta ta biyu murmushin ya tafi.

"Goggo, me ya hana ki faɗa min?"

"Abin da ya hana Direba faɗa wa malama."

Ya jinjina kai. Can ya ce, "To shi Direban, gaskiya wata mai zuwa in za mu ɗauki kashi na biyu sai dai a yi ba shi. Ba zan sake shiga wannan ba."

Ba ta yi gardama ba. Ta ce ya ba ta minti biyu. Ta kunna masa "ooo" na maza yadda yake, ɗakin ya cika har gilashin taga yana amsawa. Sannan ta rage makirufo na uku na layin baya har ƙasa. Maza sha ɗaya suna nan suna yi, ba wanda ya kauce, amma sai ka ce an zare wa gini tubalin ƙasa. Ta mai da shi, ginin ya zauna.

Ta ce, "Wannan ne mutanen suka saya, ranka ya daɗe. Ƙyas ɗin a kan hanya ta biyo shi. Ita kuma yanzu mun san gidanta, mun san lokacin fitarta."

Manaja ya yi dariya ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Maganar hutu ba a sake tayar da ita ba. Abin da ya ce kawai shi ne ta koma asibiti a ga abin da za a iya yi, kuma daga yau duk gunduwar da ta gama, wani mai kunne biyu ya bi bayanta sau ɗaya. Ta ce ta yarda, da ma haka ya kamata tun wata shida da suka wuce. Injiniya ya ƙulla mata ɗan makunni a jikin abin sauraro, in ta danna sai sautin hagu ya koma kunnen dama. Ya liƙa masa takarda ya rubuta "Reza".

Da aka zo ɗaukar kashi na biyu, a karon farko ta ce za ta je zaure. Ta cire awarwaro ta zuba a tiren Injiniya tare da agogunan mutane, ta sami kujera a can baya. Ta ga Mai Sabon Takalmi, takalmin ya tsufa. Ta ga Mai Mura da hankici a hannu. Direba yana layin baya sanye da wata 'yar riga mai kauri marar hannu da matarsa ta ɗinka masa da tsohon bargo, an kuma ɗaga makirufonsa sama an kauce wa ƙirji. Malama ta ɗaga hannu. Mutum ashirin da huɗu suka ja numfashi tare, numfashin da ita ce za ta yanke shi daga baya, suka buɗe baki. Shekara tara tana jin irin muryoyin nan gunduwa-gunduwa, ba ta taɓa jin su a dunƙule suna fitowa daga jikin mutane ba. Ta riƙe hannun kujera har aka sauke. Injiniya ya ce da ya waiwaya ya ga tana share ido da gefen mayafi, ita kuwa ta ce ƙurar labule ce.

Layin nan da ta jera ba ta goge shi ba. Ta cike giɓinsa da ɗari da sha bakwai ɗin da ta ciro daga baya, ta zaɓi minti biyar daga rana ta uku, inda bugun ya tashi daga saba'in ya haura ɗari ya sake saukowa, ta zuba a ɗan katin waya. Ta nemi ambulan na takarda, irin na da, ta saka katin, ta rubuta rana da minti a baya.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta sake buga ƙofar ƙarfe shuɗiya. Direba ya fita gwajin waƙa, matar ce kaɗai a gida. Ta miƙa mata ambulan ta ce, "Kayan maigidanki ne, ya bari a wurinmu. Na ga bai zo nema ba, na ce bari in kawo." Matar ta juya ambulan tana tambayar mene ne a ciki. Mai Reza ta karɓi wayarta, ta saka katin, ta ajiye a kan tebur tsakaninsu, sannan ta tashi da kanta ta kashe fanka.